Yadda Za Ka Yi Bikon Matarka da Sunan Wasan Waya

Kai da matarka ta yi yaji saboda wasan waya, share hawayenka, ka iso gidan magani. Ni ne Mudassir mai turi, mai tura wa mutane kayan kallo da sauraro a waya, rumfata na bakin tashar Tambuwal, kusa da mai shayi. Duk fim ko karatu ko wasan da ka ji yana ƙara a aljihun mutumin garin nan, to da hannuna a ciki. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan yadda na jera su, matarka za ta dawo, surukinka zai sa maka albarka, wayarka kuma ko ƙwarzane ba za ta yi ba. Dabarar nan ba ta taɓa ba kowa kunya ba, kuma har mutum ɗaya ya riga ya gwada ta.

Mutumin shi ne abokina Sirajo, ma'aikaci, mai hankali, ba ya shan komai sai shayi. Matarsa Hafiza ɗiyar Malam Ɗangiwa ce na Kebbe. Wata rana ta dawo daga asibiti, ta tsaya a kansa tana murza bakin mayafi, ta faɗa masa a kunyace cewa an duba ta, suna da ƙaruwa a hanya. Cikin fari fa! Sirajo ido na kan waya, yatsu na rawa, ya ce, "To, madalla, ajiye a ɗaki." Kafin la'asar ta kama hanyar gidansu.

Sai ga saƙo daga Kebbe: yaron ya zo da kansa, ya kuma zo da abin nan da ke hannunsa. In dattijo ya gamsu, ya ba shi matarsa. In bai gamsu ba, ta zauna gida har ta sauka, abin da zai biyo baya kuma Allah ne masani. Sirajo ya zo rumfata ido ya faɗa, ya ce yana son matarsa, bai san ta inda zai fara ba. Ga abin da na koya masa, kai ma buɗe kunne.

Mataki na ɗaya: Ka san cewa masu ƙera wasa ba su san darajar suna ba

Mu nan in an ce maka Ɗanjuma, ba sai ka tambayi ranar da aka haife shi ba. In an ce Gambo, ka san tagwaye yake bi. In an ce Auta, uwarsa ta huta. Suna linzami ne, shi ya sa ake tara mutane da sassafe a yanka rago kafin a raɗa shi.

Su kuwa masu ƙera wasannin nan ko zakara ba su taɓa yankawa ba. Da Turanci suke rubuta sunayen, ni nake fassara wa mutane, kuma wallahi wani lokaci kunya nake ji kamar ni na raɗa. Akwai wani sunansa Gumurzun Ƙarshe. Na ƙarshe fa, suka ce! Yanzu haka ƙannensa sun fi goma, kowanne kuma Gumurzun Ƙarshe ne. Ka taɓa ganin Auta yana goyon ƙanensa?

Akwai wani da suka fitar da Na Ɗaya, suka fitar da Na Biyu, sai aka ce ai labarin Na Biyu shi ya riga faruwa. Mutane ba su gama haɗiye wannan ba, sai masu ƙerawa suka fito da Na Sifili, wai shi ne uban su duka, alhali shi aka haifa daga baya. Akwai Sarkin Teku, wanda wani direba ya yi wata guda yana bugawa bai ga ko ɗigon ruwa ba, motoci ake jerawa a wurin ajiya. Ya dawo yana yi mini faɗa, wai ya bar aiki a tasha ya same shi a waya.

Kada wannan ya ɓata maka rai. Ɓarnar wani gyaran wani ce, kuma a nan arzikinka yake.

Mataki na biyu: Ka tuna cewa surukinka bai san haka ba

Dattijon da ya tashi tsakanin gona da garke ya yarda da suna. In ya ce wa saniyarsa Baƙa, ba za ka same ta fara ba. Saboda haka abin da zai fara tambayarka ba yawan lokacin da kake ɓatawa ba ne, ba kuma hawayen ɗiyarsa ba. Zai ce, "Mi sunanai?" In ka ba shi suna mai kyau, ka ci rabin shari'a tun ba a zauna ba.

Masu cewa ka je ka faɗi gaskiya ka ba da haƙuri, rabu da su. Ba su da mataki ko ɗaya da za su nuna maka.

Mataki na uku: Goge mai mugun suna, ko da salihi ne

Na karɓi wayar Sirajo na duba wasan da ya raba shi da iyalinsa. Sunansa, in na fassara maka shi ba ƙari, Ramuwar Gayyar Masu Shan Jini. Hoton gabansa wani ƙato ne da gatari, idanu jajur.

Na ce, "Innalillahi! Sirajo, wanga za ka kai Kebbe?"

Ya ce, "Mudassir, wallahi babu jini ciki. Lemu da ayaba aka jerawa uku uku, in ka dace wata kyanwa ta tafa maka."

"Ina ƙaton?"

"Ni dai tunda nika yi ban gamu da shi ba."

Na yarda da shi, don na san halinsu. Amma wa zai tsaya gaban suruki ya ce Masu Shan Jini, sannan ya fara bayanin ayaba? Kafin ka kai ga kyanwar an nuna maka ƙofa. Na danna na goge. Sirajo ya kau da kai yana cewa ya kusa kai mataki na ɗari da ban san nawa ba, na ce ya zaɓa, ko kyanwa ko Hafiza.

Mataki na huɗu: Tura mai kyakkyawan suna, kuma kada ka buɗe shi

Waya ba ta zuwa biko fanko. In dattijo ya ga ba komai ciki, ya san an yi shara. Dole ka sa wani a gurbin wanda ka goge, mai sunan da zai sa dattijo gyara zama.

Na bincika kwamfutata na zaƙulo masa Gonar Kakana Mai Albarka. Kai, ka ji suna! Hotonsa rana ce tana ɓullowa, ga saniya tana murmushi, ga tsoho da malafa ya rataya hauya. Ni kaina da na gani sai da na tuna damina.

Sirajo ya ce bari ya buɗe ya ga yadda ake yi. Na riƙe masa hannu. Mai turi ba ya buɗe abin da ya tura, kamar yadda mai kemis ba ya ɗanɗana kowace ƙwaya. Kai ma kada ka buɗe. Na farko, in ka buɗe yana iya kama ka, mu koma gidan jiya. Na biyu, abin da ba ka gani ba, ba za a ce ka yi ƙarya a kansa ba. Wannan hikima ce mai zurfi, in ba ka gane ba yanzu za ka gane a Kebbe.

Mataki na biyar: Nemi goro, nemi ɗan rakiya, haddace magana ɗaya

Ba a zuwa biko hannu rabbana, ba a kuma zuwa mutum ɗaya. Ya kamata a ce kawunka ne zai raka ka, amma kawun Sirajo da ya ji dalilin yajin ya ce ƙafarsa na ciwo. Sai ni na hau bayan babur ɗinsa da ƙullin goro a cinya.

Hanyar Kebbe ba ta bari a yi dogon bayani, kowace kalma sai rami ya raba ta biyu. Saboda haka magana ɗaya na sa ya haddace: "Baba, noman zamani nika koyo." Ya yi ta maimaitawa, babur na jefa mu sama muna dawowa, har ya ciji harshensa. Na ce hakan ma ya yi, zai rage masa surutu.

Mataki na shida: Durƙusa, ka kafe idonka a ƙasa

Wannan ba sai na koya maka ba, kowane ɗan mutunci ya sani. Ka tuɓe takalmi tun daga waje, ka durƙusa can bakin tabarma, ba ka haɗa ido da suruki, ba ka leƙa abin da ke hannunsa. In ka ɗago kai a zauren surukinka, har jikokinka sai an yi musu gori.

Mun tarar da Malam Ɗangiwa a zaure yana tufka igiya, dogon mutum mai farin gemu, ba ya gaggawar magana. Aka gaisa, aka tambayi mutanen Tambuwal, aka tambayi ruwa, aka tambayi gajiya, aka sake tambayar ruwan. Na tura goro gabansa. Sai ya ajiye igiyar ya miƙo hannu.

"Ina abin?"

Sirajo ya miƙa wayar da hannu biyu, kai a ƙasa.

"Mi sunanai?"

"Gonar Kakana Mai Albarka, Baba. Noman zamani nika koyo."

Dattijo ya kalli saniyar nan mai murmushi, ya gyaɗa kai a hankali. "Suna mai kyau," in ji shi. "To mi yarinyar ga taka kuka a kai?" Na ji daɗi har cikin raina, na zunguri Sirajo da gwiwar hannu. Sai Malam Ɗangiwa ya ɗora babban yatsansa a kan saniyar, abin ya buɗe.

Mataki na bakwai: Abin da kunnenka ya ji, fassara shi da noma

A nan za ka ga amfanin nutsuwa. Ba ka ga wasan ba, ba kuma ka da ikon ɗaga kai ka gani. Kunne kaɗai ya rage maka, sai ka yi aiki da shi.

Da farko kiɗa ne mai sanyi da kukan tsuntsaye. Can sai muka ji wani gurnani, mai tsawo, mai tayar da tsikar jiki.

Dattijo ya ce, "Mi ke wanga kuka?"

Sirajo ya ce wa tabarma, "Shanu na, Baba."

"Shanu?"

"Na ƙasar waje."

Ni ɗan rakiya ne, kunyata ba ta kai tasa ba, sai na saci kallo ta wutsiyar ido. Jama'a! Gonar tana nan, gaskiyarsu, har da kunyoyin shuka a jere. Amma daga cikin kowace kunya gawa ce ke ɓullowa, koriya shar, tufafi a yage, hannuwa a miƙe. Tsohon nan mai malafa yana tsakiya yana maka musu hauya. Saniyar kuwa ban ga ko wutsiyarta ba. Na mai da idona ƙasa, na fara karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

"Yaro," in ji Malam Ɗangiwa, "wagga gona, mi anka shuka cikinta?"

"Gero, Baba."

"To ga shi ya tsiro da hannuwa."

Sirajo ya haɗiye yawu. "Irin zamani na, Baba. Mai saurin fitowa."

"Awo, shina da sauri kam. Ga guda ya kama kakan naka ga wuya." Ya matso da wayar kusa da idonsa. "Su waɗanga bayin Allah, wa ya rufe su cikin gona? Garin ba su da maƙabarta? Ko sutura ba a yi musu ba."

Zufa ta jiƙa wuyan rigar Sirajo. Ya juyo da ido gefena ba tare da ya motsa kai ba, kallon da har yau in na tuna sai na ji ba daɗi. Na yi masa alama da hannu ya daure. Ramin ƙarya ƙurarre ne, an ce, amma ba a ce ka fito tun ba ka kai ƙarshensa ba.

Mataki na takwas: In dattijo ya yi shiru, kada ka katse shi

Muna jiran a ce mu tashi mu ba shi wuri. Shiru. Sai ƙarar hauya, tim, tim, da gurnani.

Can muka ji ya yi tsaki. "Tsohon ga bai iya riƙon hauya ba. Wa ke sara daga kafaɗa?" Ya gyara zama, ya kama wayar da hannu biyu. "Matso nan. Yawwa. Kai kuma ina za ka? Sha!"

Aka turo ƙwaryar fura daga cikin gida, bai gani ba. Wani maƙwabci ya yi sallama a ƙofa, ya amsa da "to, to," mutumin ya gaji ya wuce. Ƙafafuna suka mutu, na Sirajo ban san halin da suke ciki ba. Ka ga nasara ke nan, alƙali ya manta da ƙara. Abin da ya rage ka yi ta durƙuso har batir ya ƙare.

Amma gidan da akwai uwa ba a barin magana ta kwana a zaure. Inna Hadijatu, mahaifiyar Hafiza, ta tsaya bayan ƙofar cikin gida inda ba za ta haɗa ido da surukinta ba, ta ce, "Malam, baƙi na da nisa. Ga yarinya nan, a ji ta bakinta."

"To, to, ta faɗi," in ji Malam, ido na kan gona.

Mataki na tara: Komai za a faɗa, kada ka ɗago kai

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne sauƙi, kuma shi Sirajo ya karya.

Hafiza ta durƙusa a bakin ƙofa, mayafi ya rufe rabin fuskarta. Ta rame. Sai ta fara magana.

"Baba, ni ba ruwana da sunanai. Gona ta ko kasuwa ta, ban damu ba. Ni dai in na yi magana ba a ji na. In kawo tuwo, ba a ɗaga kai. In ce sannu da zuwa, waya aka amsa wa. Na zo da maganar da mace ba ta faɗi sau biyu, anka ce in ajiye ta ɗaki." Ta goge ido da bakin mayafi. "Ba faɗa nika so ba, Baba. Tsoro nika ji, kada gobe wani ya yi kuka cikin gidan a ce a ajiye shi ɗaki."

Ni da ba matata ba sai da na ji tausayinta. Duk muka saurara mu ji hukuncin uba.

Malam Ɗangiwa ya ce, "Ga wani can ta bayan rumbu!" Tim. Sannan ya ɗan karkato kunne, idonsa bai bar wayar ba. "Na'am? Mi kic ce?"

Hafiza ta kalli mahaifinta. Ta dafa ƙasa za ta tashi.

Sai Sirajo ya ɗago kai. A zauren surukinsa, gaban surukinsa, surukarsa na bayan ƙofa tana ji! Na ja masa riga, ya fizge. Ko wayar bai kalla ba, matarsa ya duba, ido cikin ido, fuskarsa jiƙe da abin da ba zufa kaɗai ba ce.

Ya ce, "Ni na ji. Na ji duka, tun daga tuwon. Ashe haka abin ga shike ga wanda ke tsaye. Ki gafarce ni."

Ka ji fa. Babu noman zamani, babu suna mai kyau, duk wahalar da na sha ya zubar da ita a tabarma. Hafiza ta tsaya tana kallonsa, har na fara tunanin ta inda za mu bi mu fita. Sannan ta juya ta shige gida. Muka ji ƙus-ƙus ɗinta da uwarta, jim kaɗan sai ga ta da jakarta a hannu.

Inna Hadijatu ta ce daga bayan ƙofa, "Ku kama hanya tun da sauran rana. A bi da ita sannu."

Sirajo ya koma ya sunkuyar da kai. "Baba, za mu koma."

"To, madalla," in ji Malam Ɗangiwa. "A gaida gida." Bai miƙo wayar ba, Sirajo kuma bai tambaya ba.

Babur mutum biyu yake ɗauka in akwai mai juna biyu, saboda haka ni aka bari a ƙofar gida na nemi kabu-kabu da kaina. Na wuce su a hanya suna tafiya kamar masu rakiyar amarya, yana kauce wa kowane rami, tana magana a bayansa yana juyo da kunne.

Sanarwar wanke hannu

Ni Mudassir ina shaida wa duniya cewa dawowar Hafiza aikin matakaina ne, duk da an karya na ƙarshe. Sauran abubuwan da suka biyo baya ba hannuna ba ƙafata. Ba ni na raɗa wa wasa suna ba, ba ni na binne kowa a gona ba, kuma wayar da ta kwana a Kebbe mai ita ne ya ƙi tambaya. Wanda ya bi shawarata ya rasa waya, ko mutunci, ko jin ƙafafunsa, kada ya nufo rumfata, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Haka nan ba ruwana da zuwan Inna Hadijatu Tambuwal makon jiya. Ta ce jikin ɗiyarta ta zo dubawa, amma mai duba jiki ba ta zuwa da tukunyarta da tabarmar sallarta, ba ta kuma cewa a faɗa wa Malam in ya gama da matattu ya san inda masu rai suke. Malam Ɗangiwa ya aiko a saya masa caja, ya kuma ce zai shigo da kansa ranar kasuwa da ɗan goro. Gidan Sirajo zai zo, zauren Sirajo zai shiga. Wanda zai durƙusa wa wani a tsakaninsu a ranar nan, ku tambayi malamai, ni turi na iya.